Daga Mabuga Zuwa Gareji: Tarihin Sana'ar Farfaɗo da Fentin Mota a Sakkwato

Duk wanda ya bi ta Gidan Dare a birnin Sakkwato da tsakar ranar watan Afrilu, ya ƙare wa motocin da ke jere a bakin titi kallo, zai ga rufinsu da bonet da murfin but sun riga ƙofofi tsufa. Jar mota ta koma ruwan hoda daga sama alhali gefenta na nan da sauran jininsa, baƙa ta yi furfura, mai ruwan toka kuma ta fara saɓa kamar maciji. Can gefe, ƙarƙashin dogon yaro ko rumfar kwano, akwai mutanen da abincinsu ke cikin wannan koɗewa: fanel bita da ke miƙe ƙarfen da ya lotse, mai fenti da bindigar feshinsa, da yaron da ke murza jikin mota da soso har ƙyalli ya dawo. Da yawa suna yi wa aikinsu kallon kwalliyar banza, wasu ma na kiransa rufa-rufar dillalai. Ni kuwa ina ganin tarihi ya ba su gaskiya. Sana'a ce da abubuwa uku suka haifa, wato ranar Sakkwato, da faɗuwar naira, da sauyin da aka samu a yadda masana'antu ke fentin mota, sannan ta gaji wata tsohuwar ɗabi'ar Hausawa ta ƙin yar da abin da gyara zai iya ceto. Mutuncinta kuma yana rataye ne da sharaɗi guda, wato faɗin gaskiya.

Sakkwato gari ne da mota ta riƙe tun farkon zamanin Turawa, saboda jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Don haka gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na wannan yanki a bayan manyan motoci suke tafiya su riski jirgi. Bodin waɗannan motoci na katako ne, kafintoci ke haɗa shi, a shafe shi da fenti da buroshi, a yi masa zane da rubutun hikima a goshi. Ƙananan motoci kuwa na Turawan mulki ne da sarakuna da manyan ma'aikatan En'e da ɗaiɗaikun attajirai. Lamarin ya sauya bayan 1967, lokacin da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, shekarar da kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki. Jami'a ta zo a 1975, kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Peugeot na Kaduna da na Volkswagen na Legas suka fara harhaɗa motoci. Ma'aikacin gwamnati na iya karɓar bashin mota ya sayi sabuwar 504 dal, wadda jama'a ke kira Fijo, a lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya ƙarfi. A irin wannan zamani mai fenti ba shi da aiki sosai sai in an yi karo, domin kafin mota ta koɗe mai ita ya fara tunanin wata.

Fentin wancan lokaci ma yana da sauƙin hali. Motocin farko a Turai da Amurka da buroshi ake shafe su, shafi bayan shafi, a jira makonni kafin su bushe, kuma daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford baƙi kaɗai yake yi wa motarsa Model T. Fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ya fara bayyana a jikin motar Oakland ta 1924, shi ya kawo feshi mai bushewa cikin sa'o'i da launuka iri-iri. Daga nan har zuwa shekarun 1970, yawancin motoci fentinsu na sama shimfiɗa ɗaya ce, garin launi da danƙon da ke riƙe shi a gauraye. Idan rana ta daɗe tana dukansa, wani sashe na haskenta da ido ba ya gani, tare da iskar da muke shaƙa, sai su tsinka danƙon da ke can sama, garin launi ya saki, fuskar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. Amma lafiyayyen fenti na nan kwance a ƙarƙashin mataccen. In aka goge da tsumma da man gogewa, tsumman zai ɗauki launin motar, sabuwar fuska ta fito. Ja ya fi kowane launi saurin koɗewa domin yana zuƙe hasken da ya fi ƙarfi, fari kuma ya fi kowa haƙuri, abin da direbobin Arewa suka gane da idonsu tun kafin wani ya yi musu bayani.

Abin da ya mayar da gyaran fenti babbar sana'a shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida. A watan Satumba na 1986 aka buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu, dala ta tashi daga kusan naira ɗaya zuwa kimanin naira huɗu cikin ɗan lokaci, a 1993 kuma ta kai naira 22 a farashin gwamnati. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, masana'antun cikin gida suka durƙushe, sai ido ya koma kan gwanjon Turai. Ana tara motocin a wurare irin su unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, shi ya sa har yau duk motar da aka yi amfani da ita a waje ake ce mata Beljiyam ko da daga Amurka ta fito. Tashar Kwatano ta zama babbar ƙofa. Daga can direbobi ke koro motoci ta Parakou zuwa Malanville, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya, wasu su ratse ta Kamba, wasu su miƙe ta Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, su faɗo Illela, sai Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Garin da jirgi ya ƙi zuwa sai ga shi a bakin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin shigowar motoci Arewa. Motar da ta riga ta yi shekara goma a hannun wani Bature ita ce sabuwa a nan, kuma wanda ya saye ta ya san sai ta yi masa wata goman.

A daidai wannan lokaci fentin kansa ya sauya. Daga shekarun 1980 masana'antu suka koma shimfiɗa biyu: launi siriri a ƙasa, sannan wani rufi garai-garai kamar gilashi a sama, wanda masu sana'a ke kira kiliya. Duka fentin da ke jikin mota, tun daga firaima har kiliya, kaurinsa bai fi na takardar rubutu da yawa ba, kiliyar kuma ba ta kai rabin hakan ba. A Turai wannan rufi na iya yin shekaru da dama, domin abokin gabar mota a can shi ne gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, mai cin ƙarfe daga ƙasa. A Sakkwato cutar daga sama take zuwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40, jikin baƙar mota da ke tsaye a rana kuma kan kai maki 70. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya shimfiɗa ta a kan komai, kuma duk safiyar da aka share ta da busasshen tsumma tamkar an bi motar da sanfefa ne. Ga garin sabulun wanki da 'yan wankin mota ke amfani da shi yana wanke ɗan man da ke kāre fenti, ga kashin tsuntsu da ke ƙuna idan rana ta gasa shi. Muddin kiliya dusashewa kawai ta yi, gogewa na dawo da ita. In ta fara yin fari tana ɓarewa kuwa, ta mutu ke nan, babu man da zai tashe ta sai sabon feshi.

A wannan gaɓar ake gane gwani. Idan aka kawo masa mota, kafin ya yanke kuɗi zai wanke wani ɗan wuri a bonet, ya ɗiga man gogewa a farin tsumma, ya murza da yatsa biyu. In tsumman ya ɗauki launi, tsohon fenti ne mai shimfiɗa ɗaya ko kuma an taɓa yi mata feshi irin na da. In ya fito da datti kawai, akwai kiliya. Zai bi gefen bonet da bakin ƙofa da tafin hannu, domin a nan fenti ya fi siranta, nan ne kuma injin gogewa, wato bafin, ke saurin ƙona shi ya tono firaima. Sai ya fara da kwamfawun mai ɗan kaushi, ya bi da folish mai laushi, ya rufe da kakin da zai tsare fuskar, duk a inuwa, kuma ba ya barin injin ya tsaya wuri ɗaya. In aikin na feshi ne, za a kankare mataccen fenti da sanfefa da ruwa, a cike lotsawa da fila, a rufe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, sannan a tada kwamfaresa da sassafe kafin iska ta motsa. Haɗa launi da ido kuwa shi ne ƙololuwar sana'ar, domin launin da ke cikin gwangwani na sabuwar mota ne, alhali ƙofar da za a daidaita da ita ta sha ranar shekara goma sha biyar. Babu makarantar da ta koya wa yawancinsu wannan. A gaban maigida suka koya, daga wankin bindiga da riƙe tiyo har ranar da aka yaye su.

Kayan aikin baƙi ne, amma tunanin da ke bayansu ɗan gida ne. Tun da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809 gari ne na masu sana'a, sunayen unguwanni irin su Marina da Maƙera Assada kuma suna nan suna shaida. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, Bello ya lissafa kula da masu sana'o'in hannu cikin nauyin da ke kan shugaba. A ƙasar Hausa idan baƙar riga ta koɗe ba a yar da ita, marina ake mayar da ita a sake tura ta, daga nan a kai wa masu bugu su ɗora ta a kan gungume su yi ta dukanta da mabugi har ta ɗauki sheƙi. Rawanin ɗan Kura da ke walƙiya kamar ƙarfe, shuni da bugu ne suka ba shi wannan ƙyallin. Gyartai yana bin gida-gida yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya, baduku yana sabunta sirdi, maƙeri yana yi wa tsohuwar garma ƙari. Yaron da ke riƙe da injin bafin a Gidan Dare aikin mabugi yake yi, ko ya sani ko bai sani ba: yana daidaita fuskar abu har ta koma santsi ta mayar da haske. Al'ummar da ta ce da tsohuwar zuma ake magani ba za ta rasa masu raya tsohon abu ba, ko da abin ya zo ne daga Antwerp.

Mai suka na farko zai ce fenti ba ya tuƙa mota, kuma wanda ke fama da kuɗin mai da na taya bai kamata ya kashe kuɗi a kan ƙyalli ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin wanda ya bar birki ya lalace ya je yin folish ya sa keke a gaban doki. Sai dai fenti fatar mota ce kafin ya zama adonta. Jikin ƙaramar mota ƙarfe ne da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma busasshiyar iskar Sakkwato da ke jinkirta tsatsa ba ta hana damina zuwa daga Yuni zuwa Satumba. Inda kiliya ta ɓare launi ke bi, inda launi ya tafi firaima ke tsotsar ruwa, daga nan tsatsa ta sami gindin zama a bakin gilashi da magudanar rufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban da haka, mota a wurin talakan Nijeriya asusu ce. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a ranar 1 ga Janairun 2017, aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka saki naira a Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo, Beljiyam ɗin ma ta gagari mafi yawan mutane. Motar da ke hannu ita ce jari, ita ake sayarwa ranar aurar da 'ya ko ranar jinya, kuma mai saye da ido yake fara ciniki. Wanda ya tsare fentin motarsa dukiyar iyalinsa ya tsare.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta kauda kai ba ce. Kowa ya san ana amfani da fenti wajen binne laifi. Motar da ta yi mummunan karo a Amurka aka saye ta a gwanjo, ko wadda ta kifa a hanyar Gusau, ana iya miƙe ta, a lafta mata fila, a fesa, a kai ta kasuwa a rantse cewa fes bodi ce, ma'ana fentinta na asali ne daga masana'anta. Shi ya sa masu saye suka koyi ƙwanƙwasa bodi da yatsa, da bin sa da maganaɗisu don gano inda fila ta yi kauri, da ɗaga robar ƙofa su duba ko feshi ya tsallaka. Amma wannan laifin ha'inci ne, kuma ha'inci ya girmi fenti. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama ya riga ya yanke hukunci, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan Sakkwato ita ma ta haramta algus da ɓoye aibi a ciniki, fiƙihun Malikiyya kuma ya ba mai saye damar mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Babu inda aka hana gyara kaya kafin a kai kasuwa. Mai rigar da aka sake rinawa ba mayaudari ba ne sai in ya ce sabuwa ce. Bafin da ya fito da fentin asali ma babu abin da ya ɓoye, abin da ke nan ya bayyanar. Iyakar da ke tsakanin gyara da zamba kalma ɗaya ce da dillali zai faɗa ko ya haɗiye, kuma mai fentin da ya san an kawo masa aiki ne don a cuci wani, ya kuma yi, yana da kaso a cikin alhakin.

Akwai kuma masu cewa raya tsofaffin motoci na hana ƙasa ci gaba, gara a bar su su mutu a sayi sababbi. Tarihi bai goyi bayansu ba. An gwada ƙayyade shekarun motocin da za a shigo da su, an sha sauya adadin, tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 kuma ya ɗora haraji mai nauyi a kan na waje, duk da haka sabuwar mota ba ta sauko inda malamin makaranta zai kai hannu ba. Tsohuwar mota alama ce ta raunin aljihu, kuma mai gyaranta bai jawo raunin ba. Inda sana'ar ke da laifi na gaske wani wuri ne daban, kuma ya kamata a faɗe shi. Fentin zamani mai haɗin sinadari biyu yana ɗauke da gubar da ke jawo ciwon asma, tina da ake tsinka fenti da ita tana taɓa ƙwaƙwalwa da hanta, amma sau da yawa sai ka ga matashi na feshi da tsumma ɗaure a hanci, wani ma ya sha madara bayan aiki yana zaton ta wanke masa ƙirji. Akwai kuma masu gaggawar feshi a inda gogewa ta isa, saboda kuɗin feshi ya fi tsoka, alhali fentin masana'anta da aka gasa da zafi mai tsanani kafin a ɗora inji da kujeru ya fi duk wanda za a fesa a fili ƙarko. Akwai masu cinye kiliya da inji don mota ta yi walƙiyar mako biyu, bayan wata shida ta ɓare gaba ɗaya. Waɗannan kurakurai na ƙarancin ilimi ne da kwaɗayi, kuma dukkansu suna gyaruwa.

Shekara hamsin da suka wuce mai fenti ɗan rakiya ne a gareji. Yau yana cikin waɗanda suka riƙe sufurin gari, domin kusan duk motar da ke yawo tsakanin Gidan Dare da tsohuwar kasuwa sai ta bi ta hannunsa ko ba jima ko ba daɗe. Sana'ar da ta kai wannan matsayi ta cancanci a ɗauke ta da daraja. Ƙungiyar makanikai ta NATA da shugabannin garejoji su mayar da takunkumin feshi na gaskiya wajibi a kan kowane yaro, kwalejojin fasaha na jiha su buɗe ƙofa ga waɗanda suka koyi aiki a hannu, hukuma kuma ta taimaka da rumfunan feshi masu rufi nesa da gidajen jama'a. Masu mota su nemi inuwa, su daina share ƙura a bushe, su kai gyara tun fenti na dusashe kafin ya ɓare, domin rigakafi ya fi magani. Dillalai da masu fenti kuwa, ku da kuke cin abinci a garin Shehu, in mota ta sha feshi ku ce ta sha, in ta yi karo ku nuna wurin. Ƙyallin da aka samu da gumi halal ne, kuma gaskiya ba ta rage wa mota kuɗi kamar yadda ƙarya ke rage wa kasuwa albarka.